Shirya Akwatin Gilashi Domin Hayayyafar Ƙananan Kifaye Dangin Karfasa a Makarantun Yankin Bakolori

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda malamin kimiyya a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun zai iya shirya akwatin gilashi a ɗakin gwaje-gwaje, har ƙananan kifaye dangin karfasa su hayayyafa a ciki. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gina a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, an tsara ta ne ta ɗauki ruwa kimanin mita kubik miliyan 450, kuma waɗannan garuruwa uku duk suna cin moriyarta. Amma abin takaici, yaron da ubansa ke kawo karfasa da tarwaɗa da ƙurungu gida, idan ya zo aji sai ya koyi yadda kifi ke renon 'ya'yansa daga zanen alli kawai. A ganina gilashi da kifi ba su ne masu wuyar samu ba. Abin da ke kayar da mai wannan aiki a ƙasarmu shi ne ruwa da zafi.

Zaɓen kifi

Karfasar da muka sani, watau Oreochromis niloticus, macenta kan riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe, abin sha'awa ƙwarai. Sai dai takan wuce santimita 30 a tsawo, ga tonon ƙasa, saboda haka ƙaramin akwati ba ya ɗaukarta. Wanda ya fi dacewa shi ne ɗan'uwanta Pelvicachromis pulcher, wanda masu sayar da kifin ado ke kira kiribensis. Asalinsa ɗan ƙasa ne, daga ƙoramun kudancin Nijeriya da gaɓar Kamaru, kuma Boulenger ne ya fara siffanta shi a 1901. Namiji kan kai kamar santimita 10, mace ba ta kai shi ba, kuma ana gane ta da jan ciki, wanda kan ƙara rinewa idan ta shirya zuba ƙwai.

Akwatin da abin da ke cikinsa

Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 30, yana cin lita 54, kuma ya ishi namiji ɗaya da mace ɗaya. A shimfiɗa yashin gulbi mai laushi, bayan an wanke shi har ruwan wankin ya fita garau. Wannan kifi a kogo yake zuba ƙwai, to sai a kifa masa ƙaramin kasko ko ɓawon kwakwa, a fasa ƙofa daidai shigarsa. Gara a sa biyu ko uku nesa da juna, domin macen ta zaɓa, kuma wanda aka kora ya sami wurin ɓuya. Don tace ruwa, soso da ɗan injin hura iska sun wadatar. Matata mai ƙarfin zuƙa takan haɗiye 'ya'yan.

Ruwa

A nan ne ya kamata a dakata. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, saboda haka a bar shi a buɗaɗɗiyar randa kwana biyu kafin a yi amfani da shi. Ruwan magudanun rani kuwa, ko da ido ya ga ya kwanta, a guje shi, domin yakan kwaso taki da maganin feshi daga gonaki. Haka kuma ruwan da aka jefa wa alam don ya kwanta, gama alam yana ƙara masa tsami. Ruwan sama yana da kyau a gauraya da na rijiya, muddin an zubar da na farko wanda ya wanke kwano.

Sa'an nan akwai dafin da kifin da kansa yake samarwa. Kashinsa da ragowar abinci suna fitar da amoniya, wadda kaɗan daga cikinta kan ƙona masa matattarar numfashi. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke juya ta zuwa wani sinadari mai dafi shi ma, wasu kuma su sake juya wannan zuwa gishirin da tsiro ke sha, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Waɗannan bakteriya a cikin soso da yashi suke zama, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da ake bukata. Watau dai wajibi ne akwatin ya yi wata guda ko fiye yana aiki babu kifi, ana ɗan jefa masa ƙwayar abinci tana ruɓewa. Ɗalibai ba sa son wannan jira, shugaban makarantar da ya ba da kuɗi ma haka, amma akasarin mutuwar kifi a sabon akwati daga gaggawar nan take. Bayan an sa kifi, a riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, kuma kada a wanke soson sai da ruwan da aka ɗebo daga akwatin.

Tsamin ruwa yana da wani tasiri da ya cancanci a faɗa wa ɗalibai. Binciken da Rubin ya buga a mujallar Copeia a 1985 ya nuna cewa a wannan kifi ruwa mai tsami ya fi ba da 'ya'ya maza, wanda tsaminsa ya ragu kuwa ya fi ba da mata. Ga gwaji mai sauƙi ga ɗalibin kwaleji da ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai.

Zafi da sanyi

Kiribensis ya fi son ruwa mai digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas. Littattafan Turai duk a kan na'urar ɗumama ruwa suke magana, alhali mu a watan Afrilu zafin iska kan haura digiri 40. Bugu da ƙari, ruwa in ya yi zafi oksijin da yake riƙewa yana raguwa: kusan miligiram 8 a lita a digiri 25, ya sauko kusan 7 a digiri 35, daidai lokacin da jikin kifin ya fi bukatarsa. A ajiye akwatin a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga da rufin kwano. Ɗakin ƙasa mai azara ya fi na zamani a wannan fanni. A cire murfin gilashi a sa raga, iska ta riƙa kaɗa fuskar ruwan, a cike abin da ya tsotse da ruwan randa. Tun da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, injin iskan ya kasance mai batir ko sola. Da hunturu kuwa a lulluɓe akwatin da bargo da dare. Mafi sauƙi dai a tsara hayayyafar ta faɗo da damina ko farkon kaka.

Kada a manta, maganin sauro na feshi da na kunnawa dafi ne mai tsanani ga kifi. A gargaɗi mai shara da maigadi.

Ƙwai da 'ya'ya

Macen kan manna ƙwai a rufin kaskon ta ciki, daga kamar 50 har zuwa 300, ta zauna tana yi musu fifita, namijin yana gadi a waje. Sukan ƙyanƙyashe cikin kwana 3, kuma bayan kamar mako guda da zubawa sai a ga iyayen sun fito da su garke guda suna kiwo. A ba su gwaiduwar dafaffen ƙwai da aka murje, ɗan mitsitsi, sau biyu ko uku a rana, a tsotse abin da ya rage domin yana saurin ɓata ruwa. Sababbin iyaye kan cinye ƙwan farko, musamman idan yara sun dame su da ƙwanƙwasa gilashi. A rufe gefe uku da takarda, a jira zubi na gaba. Bayan mako 3 ko 4 a raba 'ya'yan da iyayen.

Idan sun yi yawa kada a zuba su a madatsa ko magudana, domin ba kifin wannan gulbi ba ne. A kai wa makarantar da ke maƙwabtaka, a haɗa mata da guntun tsohon soso, wanda bakteriyar da ke cikinsa za ta rage mata tsawon jiran nan na makonni.