Gidan Marayu a Garinmu: Mu Ma Muna da Ta Cewa

'Yan uwana mata, darasinmu na yau ba na zubi ba ne, na 'ya'ya ne. In wani ya zo garinku ya ce zai buɗe gidan marayu ko gidan kula da yara, wa ke ba shi izini? Mu kuma mene ne namu a ciki?

A Najeriya, galibi ma'aikatar harkokin mata ta jiha ce ke ba da wannan izinin, jami'anta na jin daɗin jama'a kuma su ke zuwa duba wurin. Ku lura da kyau: takardar rajistar ƙungiya daga hukumar CAC daban, izinin riƙe yara daban. In an nuna muku takarda, ku sa mai karatu a cikinku ta duba wace ce.

Doka dai akwai ta. Tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003, Kaduna ta yi tata a 2018, Kano a 2023. Amma jami'i rana ɗaya yake zuwa, ya tarar an yi shara an ɗora tukunya. Mu maƙwabta mu ke jin kukan dare, mu ke ganin yaron da ya rame. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fitar da mutane wajen 300, da yawansu yara, daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Gidan nan a tsakiyar unguwa yake.

Shi ya sa nake ba ku shawara, tun kafin a ba da izini ku nemi zama da mai gidan a gaban mai unguwa ko dagaci, ku tambaye shi:

- Daga ina za a kawo yaran, kuma wa ke rubuta sunayensu da na danginsu?
- Su wa za su kwana da su? Ɗakin mata daban da na maza?
- Wace makaranta da wane asibiti za su riƙa zuwa?
- Dangi za su iya ziyara? In an ce a'a, to, da walakin.

Sakatariya ta rubuta amsoshin, shugaba da ma'aji su sa hannu, a kai ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Ku ajiye kwafi a akwatin ƙungiya. Bayan an buɗe gidan, ku zaɓi mata biyu su riƙa leƙawa duk wata. Abin da ba ku yarda da shi ba, ku kai ofis, kar ya tsaya a hirar bakin rijiya.

Sai abu na ƙarshe. Yawancin yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya raba su. Kafin wata a cikinmu ta miƙa ɗanta don ba abinci, a fara duba asusun taimakon juna, ko a ba ta rancen jari.