Masu farautar ajiya a bakin kogo

A ranar 3 ga watan Mayu na shekarar 2000, wani Ba'amurke mai suna Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokiti na roba, ya zuba littattafai da ƴan kuɗi da gwangwanin wake a ciki, ya kai shi daji a jahar Oregon, ya turbuɗe shi. Da ya komo gida sai ya watsa lambobin wurin ta intanet, ya ce duk mai iyawa ya je ya nemo. Cikin ƴan kwanaki aka gano bokitin. Mafarin wasan da ake kira jiyokashin ke nan, wato farautar ajiya.

Abin da ya ba shi ƙarfin gwiwa shi ne, kwana ɗaya kafin nan gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin saƙon taurarin GPS, abin da take yi da gangan saboda sirrin soja. Waɗannan taurarin ɗan Adam suna shawagi a nisan kilometir 20.000 da ɗoriya, kuma sai na'ura ta kama saƙon huɗu daga cikinsu kafin ta faɗa wa mutum inda yake tsaye. A da, kuskurenta kan kai metir 100. Daga ranar ya faɗo zuwa metir 10 ko ƙasa da haka.

Yau ajiyoyin sun haura miliyan 3 a duniya. Ka'idar ba ta da wuya: wanda ya gano akwati ya rubuta sunansa cikin ɗan littafin da ke ciki, in ya ɗauki wani abu ya bar kwatankwacinsa, sa'an nan ya mai da akwatin inda ya same shi. An kuma hana haƙa rami, ko da yake da rami aka fara. Kowace ajiya tana da maki daga 1 zuwa 5 na wahalar hanya. Mai maki 1, ko da keken guragu ana isa gare ta. Mai maki 5 kuwa sai da igiya, ko jirgin ruwa, ko kayan nutso, kuma ita ce ƙwararru suke kwaɗayi.

Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi jan su shi ne gandun dajin Intervales, a jahar Sao Paulo ta ƙasar Birazil. A shekarar 2001 aka ɓoye wasu akwatuna a ƙasashe dabam-dabam don tallan wani fim na birai. Kusan duka sun salwanta, biyu kaɗai suka rage, ɗaya a Amurka, ɗaya a wannan gandu. Saboda shi mutane suke ƙetare teku. Ƙasar wurin tuddai ce da kwazazzabai, ga kurmi mai duhu, ga ruwan sama mai yawa, ƙarƙashinta kuma dutsen farar ƙasa ne wanda ruwa ya rarake ya zama kogwanni masu yawa. Hukumar gandun ba ta barin baƙo ya shiga kogo sai tare da ɗan jagora.

Wannan doka ba ta rasa dalili ba, domin a irin wannan wuri ne na'ura take fara ƙarya. Saƙon tauraro ba ya huda dutse. Ko a gindin tsauni, yakan bugi bango ya dawo, sai kibiyar da ke kan gilashin salula ta riƙa tsalle hagu da dama. Kuskuren metir 10 a fili ba kome ba ne. A bakin kwazazzabo kuwa, shi ne tsakanin tsayuwa da faɗuwa. Bugu da ƙari, na'ura miƙaƙƙen layi take aunawa. In ta ce saura metir 300, ba ta faɗi cewa akwai rafi da gangare a tsakani ba, waɗanda za su ci wa mutum rabin yini. Madugun ayarin Bilma ya san rijiya ta gaba da abin da raƙumansa za su iya. Na'ura lamba kawai ta sani, kuma in caji ya ƙare, ko lambar ma babu.

Cikin kogon kansa, ruwa ne babban abokin gaba. Hadari kan zuba a wani tudu mai nisa, wanda ke ciki bai ji ko tsawa ba, sai rafin ƙarƙashin ƙasa ya cika ya toshe ƙofa. Haka ya faru a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan a shekarar 2018, inda yara 12 da mai horar da su suka maƙale, ba a gama fito da su ba sai bayan kwana 18. Ba ajiya suka je nema ba, amma ruwa ba ya tambayar abin da ya kawo mutum.

Shi ma kogon yana da abin tsoro daga baƙi. A shekarar 2006 aka fara ganin wata cuta ta farin hanci a jikin jemagu a jahar New York. Ta kashe miliyoyinsu a Amurka ta Arewa, kuma ƙwayarta tana iya bin takalmi da tufafi daga wannan kogo zuwa wancan, har hukumomi suka rufe kogwanni da yawa. Manyan gandayen dajin gwamnatin Amurka kuma ba su yarda a ajiye akwati ba sai da izini.

Tun daga shekarar 2004 aka sami wata mafita, tare da ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka: ajiya marar akwati, mai suna EarthCache. Lambobi suna kai mutum bakin kogo ko gindin tsauni, amma babu abin buɗewa. Sai ya tsaya ya dubi launin dutsen, ya lura da yadda ruwa ya ci shi, ya auna faɗin ƙofar da ido, sa'an nan ya aika da amsoshinsa ga mai ajiyar. In sun yi daidai, a lissafa masa cewa ya gano ta.