BABI NA HUƊU: GANO MUSABBABIN ƁULLAR GANSAKUKA DA BAKTERIYA A ƘARAMIN TANKIN MURJANI

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ake haɗa tankin gilashi na ruwan gishiri domin kiwon murjani da ƙananan kifayen teku a cikin gida. A wannan babi kuwa, za a dubi wata matsala da kusan duk mai irin wannan kiwo yakan ci karo da ita, wato ya wayi gari ya tarar da yashi da duwatsun tankinsa sun lulluɓe da wani abu ja ko ruwan ƙasa ko kore, ko kuma ruwan ya yi fari-fari har ba a hangen kifayen. Manufar babin ita ce a nuna cewa waɗannan abubuwa, duk da kamannin da suke yi da juna, halittu ne daban-daban, kuma matakin da zai kashe ɗaya yana iya zama taki ga ɗaya. Saboda haka, gane irin halittar da ta ɓulla shi ne aikin farko, magani kuma ya biyo baya.

4.1 Dalilan Ɓullar Matsalar

Murjani dabba ce, amma akasarin ire-irenta da ake kiwo sun dogara ne da wasu ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya da ke zaune cikin naman jikinta, waɗanda ke sarrafa haske su samar mata da abinci. Idan gansakuka ta rufe murjani, ta tare mata haske ke nan, daga nan sai naman ya fara mutuwa. Wannan ne ya sa matsalar ta wuce batun ƙyan gani kawai.

Abin da ke faruwa a cikin tanki ya riga ya faru a teku, kuma misalai biyu sun isa su fito da manyan dalilansa. Na farko shi ne mashigin ruwan Kaneohe da ke jihar Hawayi ta ƙasar Amurka, inda aka yi shekaru ana zuba ruwan kashin gari, har wata koriyar gansakuka mai suna Dictyosphaeria cavernosa ta mamaye murjanin wurin. Da aka karkatar da wannan ƙazanta a shekarun 1977 da 1978, gansakukar ta ja baya a shekarun farko da suka biyo, murjani kuma ya fara farfaɗowa. Na biyu shi ne gaɓar tekun Jamaika, inda annoba ta hallaka bushiyar teku mai suna Diadema antillarum a 1983 da 1984, alhali kamun kifi ya riga ya rage kifayen da ke cin gansakuka. A rahoton da Terence Hughes ya buga a mujallar Science a 1994, ya nuna cewa murjanin da ya rufe fiye da kashi 50 cikin ɗari na wurin a ƙarshen shekarun 1970 ya koma ƙasa da kashi 5, gansakuka kuwa ta tashi daga kashi 4 zuwa kashi 92. Ke nan gansakuka takan yi rinjaye idan abincinta ya yi yawa, ko kuma idan masu cin ta suka yi ƙaranci.

A ƙaramin tanki, wato wanda bai wuce lita 100 ko makamancin haka ba, waɗannan sauye-sauye sukan auku cikin kwanaki kaɗan. Abincin kifin da zai ruɓe a tanki mai lita 40, ƙazantarsa za ta ninka sau goma a kan yadda za ta kasance a tanki mai lita 400. Haka kuma, ruwa yana ƙafewa ya bar gishiri da sauran sinadarai a baya. Idan tanki yana rasa lita ɗaya a kullum, mai shi kuma yana cike gurbin da ruwan famfo, to a wata guda ya zuba lita 30 ke nan, kuma duk silika ko naitiret ko fosfet da ke cikin ruwan famfon sun taru a tankin.

4.2 Ire-iren Halittun da ke Ɓulla

4.2.1 Dayatom

Wannan ita ce takan fara bayyana a sabon tanki, galibi a makonnin farko bayan an haɗa shi. Kamanninta kamar an barbaɗa garin ƙasa a kan yashi da gilashi, ba ta da yauƙi, kuma da an goga ta sai ta tashi kamar ƙura. Dayatom tana gina ɓawon jikinta da silika, wanda kan shigo ta ruwan da ba a tace ba. Idan silikar ta ƙare, ita ma sai ta ja baya da kanta.

4.2.2 Sayanobakteriya

Duk da cewa a da ana lissafa ta cikin gansakuka, wannan halitta bakteriya ce mai sarrafa haske. A tankin ruwan gishiri ta fi zuwa da launin ja mai duhu, wani lokaci kuma kore ko baƙi-baƙi. Takan shimfiɗu kamar mayafi a wuraren da ruwa ba ya gudu sosai kuma datti yake taruwa, musamman a kan yashi da bayan duwatsu. Babbar alamarta ita ce, idan aka feso mata ruwa sai ta ɓanɓaro falle-falle. Wasu ire-irenta suna iya ɗaukar naitirojin daga iskar da ta narke a ruwa, don haka ƙarancin naitiret ba ya hana su yaɗuwa.

4.2.3 Dainofilajilet

Wannan ita ce mafi haɗari, kuma ita aka fi rikitawa da biyun da suka gabata. Launinta ruwan ƙasa ne kamar na dayatom, tana da yauƙi da kumfa kamar sayanobakteriya, sai dai takan miƙe zare-zare kamar yauƙin kuɓewa, da ƙwayoyin kumfa maƙale a jikin zaren. Daga cikin dangoginta da ake samu a tanki akwai Ostreopsis da Amphidinium da Prorocentrum da Coolia. Wasu daga cikinsu suna da dafi, shi ya sa mutuwar katantanwa ɗaya bayan ɗaya take cikin alamominta. Dafin bai tsaya ga dabbobin tanki ba. A shekarar 2005, mutane kimanin 200 sun nemi magani a asibitocin birnin Jenowa na ƙasar Italiya saboda tari da zazzaɓi da wahalar numfashi, bayan da Ostreopsis ovata ta yaɗu a bakin tekun garin. Don haka ya kamata mai share ta ya sa safar hannu, ya kuma kiyaye idonsa da bakinsa. Masu kiwo sun daɗe da lura cewa ta fi ɓulla a tankin da aka tsananta tsaftarsa har naitiret da fosfet suka ƙare, domin a lokacin ne ƙananan halittun da ke gogayya da ita sukan raunana.

4.2.4 Koriyar Gansakuka

Wannan ba ta da wuyar ganewa. Derbesia takan fito kamar koren gashi mai laushi, Bryopsis kuwa ganyenta kamar gashin tsuntsu yake kuma tana kama dutse sosai, sai Valonia wadda ke fitowa kamar korayen ƙwallaye masu sheƙi. Yaɗuwarsu yana nuna wadatar naitiret da fosfet da haske, tare da ƙarancin masu cin su.

4.2.5 Farin Ruwa

Idan ruwan tanki ya yi fari kamar an ɗiga masa madara, sau da yawa bakteriyar da ke cin ruɓaɓɓun abubuwa ce ta hayayyafa a cikinsa. Musabbabin yakan kasance kifi ko katantanwa da ta mutu a bayan dutse, ko abinci da ya yi yawa, ko kuma wuce ƙima wajen zuba sukari ko ruwan khal, waɗanda wasu masu kiwo ke amfani da su don rage naitiret. Haɗarin a nan shi ne bakteriyar tana shanye iskar oksijin, musamman da dare. Idan aka ga kifaye sun taso saman ruwa suna haki, to abin ya kai gaggawa.

4.3 Matakan Bincike

4.3.1 Tarihin Tanki

Tambayar farko ita ce shekarun tankin, ta biyu kuma ita ce abin da ya canja a makonni biyu ko uku da suka wuce. Shin an sake fitila ko an ƙara awoyin kunna ta? An ƙara kifi ko an sauya abinci? Famfon juya ruwa ya raunana? Matatar ruwan sha da ake haɗa ruwan gishirin da ita ta tsufa? An sa wani sinadarin cire fosfet? An ƙirga dabbobin an same su cif? Amsar waɗannan tambayoyi takan rage zato tun kafin a taɓa ruwan.

4.3.2 Dubawa da Ido

A duba tankin sau biyu, da sassafe kafin a kunna fitila da kuma da yamma. Sayanobakteriya da dainofilajilet sukan ragu da dare su dawo da kauri idan haske ya daɗe, koriyar gansakuka kuwa tana nan yadda take. Daga nan sai a feso ruwa a wurin da sirinji, a lura ko abin ya tashi kamar ƙura, ko ya ɓanɓaro kamar mayafi, ko ya ja zare.

4.3.3 Gwajin Kofi da Madubin Ƙananan Halittu

Idan abin ruwan ƙasa ne, sai a zuƙo shi da siririn tiyo a cikin kwalba, a girgiza sosai, a tace da takardar goge hannu zuwa cikin kofin gilashi, a ajiye a wuri mai haske. Idan dainofilajilet ce, ƙwayoyinta za su ratsa takardar su sake haɗuwa su yi curi ko zare, abin da dayatom ba ta yi. Idan kuwa farin ruwa ne, sai a ɗebi kofi biyu. Na farko a bar shi wasu awoyi: idan ya kwanta, ƙurar yashi ce. Na biyu a ɗiga masa ruwan khal: idan ya washe, to alli ne ya fita daga ruwan saboda an zuba sinadarin kalsiyam ko na alkali fiye da ƙima. Farin da bai kwanta ba kuma bai washe ba, shi ne ake zargin bakteriya.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta madubin ƙananan halittu mai ƙara girma sau 100 zuwa 400. A ƙarƙashinsa sayanobakteriya takan bayyana kamar dogayen zarurruka masu motsi a hankali, dayatom kamar ƙananan kwale-kwale ko akwatuna, Ostreopsis kuwa kamar ƙwayar riɗi mai kewaya wuri ɗaya kamar an ɗaure ta a turke.

4.3.4 Awon Ruwa

Ana son gishirin ruwan ya kasance giram 35 a kowane kilo na ruwa, zafinsa kuma tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyas. Amoniya da naitirayit kada a same su ko kaɗan a tankin da ya zauna, samunsu yana nuna wani abu ya mutu ko bakteriyar da ke tace ruwan ta sami matsala. Naitiret da fosfet kuwa, masu kiwo da yawa sukan riƙe na farko tsakanin miligiram 2 da 10 a lita, na biyu tsakanin 0.03 da 0.1. Sai dai a nan akwai wurin yin hattara. Tankin da ya cika da koriyar gansakuka yana iya nuna sifiri a awo, domin gansakukar tana shanye sinadaran da zarar sun fito. Bugu da ƙari, fosfet yakan maƙale a jikin duwatsu da yashi ya riƙa komawa ruwa a hankali. Saboda haka sifiri tare da koren gashi ma'anarsa abinci yana shigowa ana cinyewa, sifiri tare da zare mai kumfa kuwa ma'anarsa ruwan ya talauce.

4.4 Dacewar Magani da Abin da Aka Gano

Dayatom ba ta buƙatar komai illa haƙuri, da amfani da tataccen ruwa, da katantanwa masu kiwo irin su Trochus. Sayanobakteriya ana zuƙe ta da tiyo, a ƙara gudun ruwa, a kwashe dattin da ya taru. Maganin kashe bakteriya irin su erythromycin yana kawar da ita, amma yana iya taɓa bakteriya mai amfani, kuma idan ba a gyara musabbabin ba za ta dawo. Koriyar gansakuka ana cire ta da hannu, a rage abinci, a taƙaita haske zuwa awa takwas ko tara, a riƙa sauya kashi 10 cikin ɗari na ruwan a kowane mako. Farin ruwa kuwa, matakin farko shi ne ƙara iska da motsa saman ruwa, sannan a nemo abin da ya ruɓe a fitar.

Dainofilajilet ita ce ta saɓa wa sauran. Wanda ya ɗauke ta a matsayin koriyar gansakuka ko sayanobakteriya, ya shiga rage abinci da cire fosfet, ya ƙara mata fili ne. Abin da ake yi shi ne a dakatar da sinadaran cire fosfet, a bar naitiret da fosfet su dawo yadda za a iya auna su, a sa gawayin tace ruwa saboda dafin. Fitilar kashe ƙwayoyi mai hasken alturabayolet tana aiki a kan Ostreopsis domin takan shiga ruwa da dare, amma amfaninta kaɗan ne a kan irin Amphidinium da ke lafewa cikin yashi.

A kowane hali, ya fi dacewa a sauya abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta ranar da sakamakon awo, a jira mako ɗaya ko biyu. Wanda ya yi gyara biyar a rana ɗaya ba zai san wanne ya yi aiki ba, kuma murjani ba ya jure sauyin gaggawa.

4.5 Naɗewa

A wannan babi an kawo dalilan da ke sa gansakuka da bakteriya su mamaye ƙaramin tankin murjani, an bayyana ire-irensu guda biyar da alamomin kowanne, an kuma jero matakan bincike huɗu, wato tarihin tanki, da dubawa da ido, da gwajin kofi da madubi, da awon ruwa. An ga cewa launi kaɗai ba ya isa hujja, haka ma sifirin da awo ke nunawa, sai an haɗa su da sauran alamomi. A babi na gaba za a kawo jawabin kammalawa da shawarwari.