Daga Apapa zuwa Saya-Saya: wa ke ɗauke da alhakin bindiga?

Ranar Juma'a 1 ga Satumba 2023, 'yan bindiga suka faɗa wa masallacin Saya-Saya a ƙaramar hukumar Ikara ana sallar isha'i, suka hallaka mutum bakwai a ciki da wajensa. Daga Kurmin Kogi har Makarfi da Kudan mun yi ta tambayar su wa suka yi harbin, amma ba mu cika tambayar wa ya sayar musu da bindigogin ba.

Samun amsar a kotu abu ne mai wuya, ko da yake an taɓa samu. A Oktoban 2010 jami'an tsaro suka buɗe kwantena 13 a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas. Takardu sun ce kayan gini ne. Da aka duba sai ga rokoki da gurneti da harsasai, an ɗauko su daga Bandar Abbas ta Iran. A Mayun 2013 Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa Ba'iraniye Azim Aghajani da ɗan ƙasarmu Ali Abbas Jega ɗaurin shekara biyar-biyar. A ganinmu hukuncin ya yi sauƙi ƙwarai.

Makaman da suka cika dazukanmu kuwa galibi ba ta teku suke zuwa ba. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 suke kwararowa daga Libiya ta cikin Nijar, kuma ba sa isa daji sai sun bi ta hannuwa da yawa: dillali, direba, mai ɓoye harsasai a buhun masara, mai bayar da aron ɗaki.

Malamanmu sun daɗe da magana a kan waɗannan hannuwa. Imamu Buhari ya ware babi a Sahihinsa kan sayar da makami lokacin fitina, ya ambaci cewa sahabi Imrana ɗan Husaini ya ƙyamaci hakan. Malikawa sun haramta sayar wa wanda aka san zai yi ɓarna da shi, bisa ƙa'idar toshe ƙofar ɓarna da kuma aya ta 2 ta Suratul Ma'ida, wadda ta hana taimakekeniya a kan zunubi da ta'addanci. Takobi halal ne a kasuwa. Sanin hannun da zai riƙe shi ne ke sauya hukunci.

Saboda haka direban da aka ba ninki uku na kuɗin mota a kan buhu biyu, aka ce kada ya tsaya a shingen jami'an tsaro, ba zai fake da cewa bai kwance buhun ba. Malaman fiƙihu suna ɗaukar zato mai rinjaye a matsayin sani a irin wannan ciniki.