SHINGE MAI RAI: MAGANIN ƁARNAR NAMUN DAJI A LAMBU

Ya kai manomi na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wannan takarda dominka aka rubuta ta. Ka sani ƙasarku maƙwabciyar daji ce. Ga dajin Kogo a ƙasar Faskari, ga kuma na Kamuku can wajen Birnin Gwari, wanda aka keɓe a 1936, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1999. Manyan namun daji sun ragu ƙwarai, amma masu ɓarnar lambu, watau gadu da beguwa da zomo da biri, ba su ƙare ba. A shekarun nan kuwa kwana a gona domin gadi ya zama kasada saboda rashin zaman lafiya. Ashe tilas ka nemi mai gadin da ba ya barci.

Abin da aka saba yi shi ne a sari ƙaya a jibge kewaye da lambu. Wannan aikin shekara guda ne. Gara ta ci, masu neman itace su zare, gobara ta lashe saura, baɗi ka sake sara, daji yana ta ƙarewa. Shinge mai rai kuwa kullum ƙaruwa ya ke yi.

Ka yi shi layi 2. A layin ciki ka dasa rassan bini da zugu, ko dashi, ko aguwa, masu tsawon kamu 2, ka bar taƙi guda tsakaninsu. Lokacin dashe shi ne bazara, kafin ruwa ya sauka. A nan ne mutane da yawa su ke yin kuskure, su kan jira sai damina ta zauna, sa'an nan su dasa, reshe ya ruɓe a cikin laima, su ce itacen ba ya kamawa a ƙasarsu. Laifin ba na itace ba ne. In ka sari reshe, ka ajiye shi a inuwa kwana 2 ko 3 bakin saran ya bushe, kana ka binne gindinsa ka take ƙasa sosai.

A layin waje ka shuka masu ƙaya da farkon damina, magarya ko bagaruwa ko sarƙaƙiya. Ƙwallon magarya sai an fasa shi an fid da ƙwayar, irin bagaruwa kuwa a zuba masa ruwan zafi ya kwana a ciki. Za su yi shekara 2 ko 3 kafin su isa tsaro, saboda haka kada ka yi gaggawar kwashe tsohuwar ƙayarka, ita za ta kare su daga awaki.

Amma fa ka lura da gindin shinge fiye da kansa. Gadu da beguwa ba su tsallakewa, ta ƙasa su ke tonawa, zomo kuma kafa kaɗan ta ishe shi. Don haka ka riƙa datse kan itatuwan kowace shekara su yi rassa daga ƙasa, ka saƙa rassan cikin juna, inda ka ga rami ka cusa duwatsu. Shinge mai tsawo wanda gindinsa ya ke wayam, ado ne kurum.

Biri kam, ba za mu ruɗe ka ba, babu shingen da ya ke hana shi ɗungum. Sai dai ka sare rassan manyan itatuwa da suka leƙo cikin lambu, ka share ciyawa a bayan shinge domin ya rasa maɓoya, ka shuka barkono a gefe, masara da gyaɗa a tsakiya inda ido ya ke kai.

Ka gargaɗi yara kada su ci 'ya'yan bini da zugu, gama guba ne. Tinya kuma, ko da ya ke dabba ba ta kusantarta, ƙaronta yana ɓata ido, kada ka dasa ta inda yara ke wasa.