Kankiya da Kusada: Wa Ke Auna Aikin Ofishin Jin Daɗin Jama'a?

Idan miji ya tafi ci-rani ya bar mata da yara ba abinci, ko aka tsinci jariri a bakin hanya, ko dangi suka yi caa a kan gadon marayu, inda akan dosa bayan gidan mai unguwa shi ne ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Haka abin yake a Kankiya da Kusada. A wannan ɗan ɗaki ake yanke inda yaro zai kwana da hannun da zai riƙe shi. To, 'yan'uwa masu karatu, wa ke zuwa ya auna aikin wannan ofishi?

Mutanen Kankiya sun san abin da ake kira tantancewa, domin a garinsu Makarantar Koyon Aikin Lafiya take. Akwai hukumar tarayya da aka kafa da dokar soja a 1992 don yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista. Jami'anta kan zo su ƙirga malamai, su duba ɗakunan karatu da kayan aiki, kana su amince da kwas. Ɗalibin da ya fito daga kwas ɗin da ba a amince da shi ba, ba shi da lasisin taɓa majinyaci. Wanda zai raba uwa da ɗanta kuwa, ai shi ma rai ne a hannunsa.

Mun ga abin da rashin dubawa ke haifarwa. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan horon kangararru a Daura, suka fito da mutum 67, manya da yara, wasunsu da mari a ƙafa. Iyaye ne suka kai su da kyakkyawar niyya, amma babu mai leƙawa.

Dokoki dai an yi su. Tarayya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003, Jihar Katsina ta yi tata dokar kare yara a 2020, sa'an nan a 2022 aka sa hannu a kan dokar kafa majalisar da za ta yi wa ma'aikatan jin daɗin jama'a rajista. Sai dai rajistar ma'aikaci daban, tantance ofishi daban. Gwamnati ce ke ba gidajen marayu masu zaman kansu izini, ita ce kuma ke rufe su; nata ofisoshin da gidajen fa?

A Amurka, tun 1977 aka kafa wata majalisa mai zaman kanta domin wannan aiki. Hukumar gwamnati kan fara auna kanta a rubuce, sai baƙin masana su zo su buɗe fayil-fayil, su gana da ma'aikata da waɗanda ake yi wa hidima. Amincewar ta shekara 4 ce, daga nan a sake sabon lale.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu fara. Tambayoyin masu sauƙi ne. Kowane yaro yana da fayil? Ana kulle asirin iyali? Yaron da aka ba wani riƙo, ana komawa a ga lafiyarsa? Akwai abin hawan da zai kai ma'aikaci ƙauye da damina? Wanda aka zalunta a ofishin, ina zai kai kuka?

Muna roƙon shugabannin ƙananan hukumomin biyu da ma'aikatar harkokin mata ta jiha su riƙa gayyato masu dubawa daga waje, a kuma karanta sakamakon a bainar jama'a. Dattawan ikilisiya, zumuntar mata, limamai da masu unguwanni, mu ne ke raka gwauraye da marayu zuwa ƙofar nan, saboda haka mu ne ya kamata mu fara tambaya. Ma'aikaci mai gaskiya ma zai amfana, domin rahoton ne zai nuna abin da aka hana shi na kayan aiki. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar yaranmu, amin.