Taurarin da ke Bugun Zuciya a Maƙwabtanmu

 Yau zan kai ku Ƙaramin Gajimaren Majalan. Sunansa gajimare, amma gungun taurari ne da ke maƙwabtaka da namu gungun, Milki We. Haskensa sai ya yi tafiyar kusan shekara 200,000 kafin ya iso mana.

To me ke can? Idan ƙaton tauraro ya ƙare makamashinsa, yakan fashe, cibiyarsa ta dunƙule ta zama tauraron niyutiron. Faɗinsa bai wuce kilomita 20 ba, amma ya fi rana nauyi. Wani lokacin yana da abokin zama, wani babban tauraro da suke zagaya juna. Sai ƙaramin ya riƙa janyo iskar gas daga jikin babban. Maganaɗisunsa mai tsananin ƙarfi ya karkata gas ɗin zuwa ƙuryoyinsa biyu, ya faɗa da mugun gudu, ya yi zafin miliyoyin digiri, ya fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Tunda tauraron juyawa yake, hasken kan haska mu ya wuce, ya sake dawowa, kamar bugun zuciya. Shi ake kira fulsa.

Iskar duniyarmu tana tare wannan haske, don haka sai daga sama ake ganinsa. Tauraron ɗan adam mai suna Uhuru, wanda aka harba daga gaɓar tekun Kenya a 1970, shi ya gano SMC X-1 a 1971. Wannan yana juyawa sau ɗaya cikin daƙiƙa 0.7, yana zagaye abokinsa cikin kusan kwana 4. Akwai kuma SXP 1062, shi sai ya ɗauki daƙiƙa 1,062, kusan minti 18, kafin ya juya sau ɗaya.

Ga abin da ya fi ɗaure min kai. Gungun nan ɗan mitsitsi ne in aka gwada da namu, amma an gano irin waɗannan fulsa sama da 60 a cikinsa. Me ya sa? Masana na ganin kimanin shekara miliyan 40 da suka wuce an yi haihuwar taurari birjik a can. Manyan cikinsu sun riga sun fashe, abokansu kuma yanzu suke kan ganiyarsu. Ka ga ƙirga fulsa ya zama hanyar karanta tarihin gungun.

Kuma labarin bai ƙare ba. Babban abokin ma zai iya fashewa, su zama niyutiron biyu, wata rana su yi karo. An ga irin wannan karon a 2017 a wani gungu daban, kuma a irinsa ake samar da ƙarafa masu nauyi kamar zinariya. Zoben da ke hannunki, ƙila daga irin wannan karon asalinsa yake.

Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.